Tsarabar Malam Iro

Tun da na dawo kunnena bai huta ba. A wurin aiki tambaya, a gidan biki tambaya, har maƙwabciyata da ba ma ga maciji da juna ta leƙo ta katanga tana cewa, "Wai Hajiya Bilki, da gaske Nijar kika je neman kwalabe?" To da gaske ne. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in ce ya je ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ina aiki ne a wani kamfanin haɗa magunguna a Sharaɗa. Aikina bin sawun magani bayan ya bar hannunmu: wa ya sha, me ya yi masa, in wani ya yi ƙorafi in bincika in kai rahoto ga hukumar da ke sa ido a kanmu. A bayan idona ma'aikata suna kirana Hajiya Ina Takarda, suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, kuma bai dame ni ba.

Abin da ya faru shi ne, an haɗa wani rukuni na farasitamol na ruwa, irin na yara, sai ɗakin gwaji ya gano an yi kuskure wajen awo. Ƙarfinsa ya ninninka abin da aka rubuta a jikin kwalba. Shi kuwa wannan magani in ya yi yawa ba ya hayaniya. Yaro zai sha, zazzaɓi ya sauka, uwa ta ji daɗi, alhali can ciki hanta yake ci. Kafin ido ya gani an yi nisa. Sai muka naɗe katan-katan ɗin da jan tef, muka tura su lungun sito, muna jiran ranar da jami'an hukuma za su zo a kai su Challawa a ƙone a gabansu.

Ranar ta zo, ana lodi, jami'ar hukuma tana tsaye tana dubawa, sai ta ce katan biyu ba su cika ba. Na ce ba zai yiwu ba. Aka sake dubawa, haka ne. Manaja ya fara gumi, mai kula da sito ya fara rantse-rantse. Ana cikin haka sai wani daga cikin masu lodi ya sauke kayan da ke kansa ya matso. Malam Iro ke nan, mutumin Nijar, dogo, mai sanyin magana, wanda ko tsinke ban taɓa jin an ce ya ɗauka ba.

Ya ce, "Hajiya, in waɗannan biyun kuke nema kada ku wahala, ni na ɗauka."

Na ce, "Ka ɗauka ka kai ina?"

"Gida. Mai ɗakina ta haihu, na je suna. Ai rijet ne, na ga za a ƙone."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi kuwa yana kallona yana mamakin me ya tayar mini da hankali. Ashe kafin ya zo wurinmu ya yi aiki a kamfanin biskit a Bompai, inda biskit ɗin da ya karye rabon ma'aikata ne. Daga nan ya yi masaƙa a Challawa, can ma yadi mai tabo nasu ne. A saninsa duk abin da kamfani ya ware ya ce bai yi ba, na lebura ne. Mai gadin ƙofa ma haka ya sani, har taya shi ɗaurewa ya yi. Mu kuma da muka manna gargaɗi da Turanci a jikin katan muka koma ofis, ba wanda ya taɓa tara su ya gaya musu da Hausa cewa rijet ɗin magani guba ne.

Iro ya ce garinsu babu kemis, yara suna ta zazzaɓi, ya ga ba tsarabar da ta fi wannan. Ya damƙa wa mahaifiyarsa, ita kuma ta raba wa matan da suka zo suna. Jami'ar hukuma ta kalle ni ta ce, "Hajiya, bincike zai biyo baya. Yanzu dai a je a kwaso shi daga bakin yara." Muka buga waya garin, layi ya ƙi shiga. Da ƙyar muka samu wani mai shago a kasuwar da ke kusa da su, ya ce zai aika. Ban yarda da saƙon baki ba. Na biya ta wani asibiti na karɓi maganin da ke karya dafin farasitamol, na saka a jaka, da asuba muka ɗauki hanya ni da Iro da direban kamfani.

Hanyar Daura kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Abin da na riƙe kawai shi ne abin da ya faru a Kazaure. Direba ya tsaya sayen ƙosai ya miƙa wa Iro, ya karɓa ya riƙe a hannu har man ya huda takardar, bai ci ba. Can sai ya ce, "Hajiya, wai ko cokali ɗaya ma?" Na ce cokali ɗaya da sauƙi, maimaitawar ce matsala.

A kan iyaka aka yi mini abin da nake yi wa mutane. Motar kamfani ba ta da takardun tsallakawa, sai muka bar ta da direba a ɓangarenmu, muka taka da ƙafa. Wani jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, siriri mai gashin baki, ya buɗe jakata ya zaro kwalin maganin.

"Madam, ina takardar shigo da wannan?"

Ni Bilki ake tambaya takarda! Na nuna masa katin aiki, na nuna masa wasiƙar kamfani, na yi masa bayani da Hausa, na dawo Turanci, ya mayar mini da Faransanci. Ya ce wasiƙar kamfani ba izinin ƙasarsu ba ce, magani ba ya shiga sai da izini, in bar shi nan in karɓa in na dawo. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na buɗe baki zan yi masifa sai na tuna da ni ce a kujerarsa haka zan yi, na bar masa kwalin. Da muka yi gaba na tambayi Iro yadda aka yi katan biyu suka wuce wannan mutumin. Ya ce ai shi ba ta nan yake bi ba, babur yake hawa ta cikin gonaki, katan ɗin kuma cikin buhu suke tare da sabulu da taliya.

Daga nan muka shiga wata tsohuwar mota da ƙofarta igiya ce ke riƙe da ita. Gaba mutum uku, ni da wata mata da tunkiyarta a baya. Inda kwalta ta ƙare muka hau babur, su kabu-kabu suke ce masa. Yashi ne zalla. Ba mu yi nisa ba babur ya tafi da mu gefe, sai ga Hajiya Ina Takarda a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a gona. Mai babur ɗin ko a jikinsa, cewa ya yi, "Sannu Hajiya, nan kowa ma yana faɗuwa."

Mun shiga garin bayan azahar. Sunansa ba zan faɗa ba. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne karɓar da aka yi mana. Saƙon mai shago bai iso ba, su a ganinsu Iro ya kawo babbar likita daga Kano. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura a ƙwarya, aka shiga gaisuwa. Ku da kuke cewa mu Kanawa mun cika gaisuwa, ku je can ku gani. Ina gajiya, ina gida, ina yara, ina Kano, ina ruwa, a gama a sake ɗaukowa daga farko. Da na ga ba ta ƙarewa sai na katse mahaifiyar Iro, wata ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido da kowa ke kira Inna, na ce, "Inna, ku gafarce ni, maganin nan da Malam Iro ya kawo akwai cuta a cikinsa. Karɓa muka zo yi."

Inna ta kalli ɗanta, ta kalle ni, ta ce, "'Yar nan, abin da na raba a taron suna da hannuna? In bi gida-gida in ce a ba ni? Da wane ido?"

Na ce, "Inna, da idon da za ki kalle su in yaro ya mutu."

Na san na yi kaushi, amma ban ga wata hanya ba. Sai ta tashi ta ɗauki mayafinta ta ce wa Iro ya je ya gaya wa mai gari a yi shela, ita kuma za ta shiga gaba in bi ta.

Matar Iro, Saude, tana ɗaki tana jego. Yarinya ce ƙarama mai kunya, da jariri a cinya. Iro ya tsaya bakin ƙofa ya tambaye ta nata, ta miƙo kwalba ɗaya ko buɗewa ba a yi ba. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai gidan nan ya tsira.

Ni da na taho ina tunanin kwalabe zan tattara, in duba lambar rukuni a jikinsu in saka a katan. Ina! Tsaraba a can ba ta tsayawa inda aka kai ta. Wadda ta samu kwalba ɗaya ta tsiyaya wa ƙanwarta a kwalbar turare, ƙanwar ta tsiyaya wa maƙwabciya a robar man shafawa. Wata ta kawo mini nata a cikin kwalbar lemo an toshe da totuwa. Wani tsoho ya ce shi ya shanye nasa saboda ciwon baya, har yana yaba mana, wai namu ya fi na Faransa ƙarfi. Na ce Baba ai shi ya sa muka zo. Wata mata kuwa ta rantse ba ta karɓa ba, alhali ga jan maganin a gaban rigar ɗanta. Tsoro take ji kada a ce jandarma za su zo. Sai da Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ce ba za ta tashi ba, sannan ta jawo shi daga ƙarƙashin gado.

Duk gidan da muka shiga sai na ɗaga fatar idon yara, na danna cikinsu, na tambayi sau nawa aka ba su. Allah ya taimake mu da abu ɗaya: maganin ya yi musu tsada a ido, yawancinsu adana shi suka yi sai ciwo ya yi tsanani. Waɗanda suka sha kaɗan suka sha. Biyu da ban gamsu da su ba na ce a kai su ɗakin shan magani na kasuwa a duba. Kafin magariba Iro da ƙannensa sun zaga ƙauyukan da 'yan suna suka fito, suka dawo da buhu yana ƙara.

A ɗakin Inna na kwana, a kan gadon kara. An yi mini tuwon gero da miyar kuka, wallahi ban taɓa cin mai daɗinsa a Kano ba, ko yunwa ce oho. Sai wani shayi a ɗan mitsitsin kofi, baƙi wuluk, ɗaci kamar maɗaci, wai kuma sai ka sha zagaye uku. Na sha ɗaya na ce su yafe mini. Banɗaki kuwa zana ce aka kewaye, babu rufi, akuya tana leƙe.

Da safe Inna ta fita rakiyar wata baƙuwa, Iro ya tafi nemo babura. Na shiga yi wa Saude sallama. Tana zaune ta gama wankan jego, jikinta na tururi. Na yi mata fatan alheri na juya zan fita, sai na ji ta riƙe bakin mayafina. Ba ta ɗago kai ba. Muryarta da ƙyar nake ji.

"Hajiya, waccan ta gidanmu. An ce jikinta da zafi. Na aika mata da ɗaya."

Na ce, "Wace ce ta gidanku?"

Ta yi shiru. Sai da na sake tambaya sannan na gane. Suna da 'yar fari, Ummi, shekararta uku, tana wurin mahaifiyar Saude a wani ƙauye tun da aka yaye ta. Mu ma a Kano mun san kunyar ɗan fari, kakata har ta rasu ba ta kira sunan babana ba, amma a birni yanzu ta zama abin tsokana. Can kuwa da ranta. Uwa ba ta faɗin sunan, ba ta tambayar lafiya a gaban mutane, ba ta nuna ta damu, balle a gaban uwar miji. Kwalba biyu Saude ta samu ranar suna, ta ɓoye ɗaya ta aika wa 'yarta ba wanda ya sani. Jiya da Iro ya tambaye ta Inna tana tsaye a bayansa, bakinta ya kasa buɗuwa. Shi ma Iro da ya zaga ƙauyuka bai bi ta gidan surukansa ba, don a saninsa ba a kai can ba, kuma ba zai ce zai je duba 'yar fari ba. Yarinyar nan ta kwana da wannan magana a cikinta.

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. "Tun jiya, Saude? Tun jiya?" Hawaye kawai ke zuba a kan jaririn. Na fita a guje ko takalmi ban saka daidai ba.

Ƙauyen ba nisa, amma a ranar na ga kamar ba za mu kai ba. Muka tarar da kakar tana tankaɗe, Ummi tana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Kakar ta ce ai zazzaɓin ya sauka, amai ne kawai take yi, ga barci, kuma tana ganin shawara ce ta kama ta, har ta jiƙa mata saiwa. Na durƙusa na ɗaga idon yarinyar. Ya yi rawaya. Na taɓa gefen cikinta na dama ta yi ƙara. Na ce ina kwalbar? Ta ɗauko daga cikin kwano. Saura kaɗan a gindinta. Duk lokacin da jiki ya yi ɗumi sai ta ba ta, don 'yarta ta aiko, kuma daga Kano ya fito.

Na juya in yi wa Iro magana, sai na ga ya riga ya sunkuya ya ɗauke ta. A gaban surukarsa, a gaban mutanen da suka taru, ya rungume ta a ƙirji ya hau babur. Tun daga nan har kwalta sunanta yake kira. "Ummi. Ummi, buɗe ido. Ummi, ga Baba." Mai babur ɗina ya ce tunda yake bai taɓa jin sunan a bakinsa ba.

A kan iyaka mai gashin bakin nan yana nan. Ya hango mu, ya kalli yarinyar, bai tambayi komai ba. Ya shiga ya fito da kwalin ya sa mini a hannu, ya daka wa na bakin shinge tsawa ya ɗaga. Direba yana jira inda muka bar shi. Muka wuce asibiti mafi kusa a ɓangarenmu, likita ya saurare ni, aka ɗaura mata ruwa da maganin nan take. Da ya tambayi me ta sha, kafin in yi magana Iro ya ce, "Ni na kawo mata, likita."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Likita ya ce ba zai yi mana alkawari ba, sai yadda hantar ta yi. A barandar asibitin na rubuta rahoton hukuma, na faɗi komai, har da gargaɗin Turanci da lungun sito da ba ƙofa. Manaja ya bugo yana cewa ko za a sassauta wasu kalmomi, na ce ya zo ya ga yarinyar sannan ya zaɓi kalmar da yake so. Buhun kwalaben direba ya wuce da shi Kano, aka ƙone a gaban hukuma. Iro kuwa yana bakin gado, ba ci ba sha, sai salla.

Wata safiya na shigo na tarar Ummi a zaune, tana jan gemun ubanta tana cewa koko take so. Likita ya duba gwajin jini ya ce an fara samun sauƙi, in sha Allahu ta tsallake. Iro ya zame ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Na ce to dole uwar ta ji. Na bugo wa mai shagon kasuwa, na roƙe shi ya hau babur ya kai wayar har ɗakin Saude, ya nemi inda layi ke kamawa. Bayan wani lokaci ya kira. Ina jin muryar Inna a kusa, da wasu mata. Saude ta karɓa ta gaishe ni. Ta tambayi gajiyar hanya. Ta tambayi yarana. Ta tambayi direba, ta tambayi ƙafata da na faɗi a babur, har ruwan sama ta tambaya ko an yi a wajenmu. Sai tambayoyin suka ƙare mata. Ta yi shiru, ba ta ajiye wayar ba, ina jin numfashinta.

Na ce, "Saude, ta sha koko yau. Kofi guda ta shanye, tana neman ƙari."

Na ji wayar ta faɗi a kan tabarma, jariri ya tsala kuka. Can sai muryar Inna, tana cewa matan, "Ku fita mana. Ku fita ku ba ta wuri."